Shekara Tara Bayan Majo Rabi: Bayana Ne Allonta

Shekara tara ke nan da rasuwar Rabi, kuma tunda na ɗauki alƙalami don tunawa da ita, gara in fara da wautata kafin mutanen tasha su riga ni faɗa. Ranar da ta aiko cewa in zo asibiti in taimaka mata wajen koyar da ɗalibai, sai da na zagaye fadarmu ta masu shayi ina shaida wa kowa cewa an ɗauke ni malami. Ni da na bar lekwal, makarantar boko, tun aji na biyu, na ƙare rayuwata ina ɗaga wa kamiyoyi, manyan motocin kaya, hannu a bakin gada. Na sa rigar sallah, na ari tabarau wajen wani direba, na shafa turare har ƙudaje suka kauce mini. Da na isa, ta dube ni daga hula zuwa takalmi, ta ce, "Madalla, malam ya iso. Tuɓe ka kwanta."

Ga wanda bai san ta ba, Rabi ɗiyar goggona ce, wato taubashiyata. Ita ce majo, babbar mai jinya a ɗakin da ake kwantar da manya, kuma a hannunta ɗaliban makarantun lafiya ke yin sitaj idan aka turo su Gaya su koyi aiki a kan mutane. Tun muna yara kowa ke cewa shi ne ubangijin wani. Ta kira ni bawanta a gaban matata, na kira ta baiwata a gaban likitoci, ba wanda ya taɓa yin fushi. Daga baya na gane dalilin da ya sa ni ta zaɓa. Ba za ta iya sa wanta ko baffanta ya buɗe baya a gaban yara ba. Miji kuwa ba a magana. A duk dangi ni kaɗai ne al'ada ta ba ta damar wulaƙantawa, kuma ta ci moriyar wannan dama har ƙarshen ranta.

Abin da take son koyarwa shi ne gyambon kwanciya, wanda su ke kira eskar. Mutum ya daɗe kwance bai juya ba, ƙashi ya danne fata a kan katifa, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu daga ciki kafin ya fashe a waje. Rabi ba a makaranta kawai ta san shi ba. Mahaifiyarta, Goggo Hadiza, ta kwanta a Tanda bayan ɓarin jikinta ya mutu, lokacin Rabi na aiki can nesa a gabas. An kula da Goggo iyakar kulawa. Ana ba ta fura a baki, ana yi mata fifita, surukai na zaune a gefenta dare da rana. Sai dai duk wanda zai sauya mata zane, kau da kai yake yi ya yi sauri, don uwa ce. Ita kuma duk wanda ya tambaye ta jiki, sai ta ce da sauƙi. Da Rabi ta samu izini ta zo, ta fitar da kowa ta juya ta, ramin da ta tarar a tsatson uwarta ya kai ƙashi. Goggo ba ta tashi ba. Ba wanda ya yi sakaci a gidan nan. Kowa ladabi ya yi, ladabin ne ya rufe ciwon.

Sai kuma wata matsala ta biyu, wadda ni jahili ban san da ita ba sai a kan gadon nan. Littafin da yaran ke karantawa da Faransanci yana cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja, in ka danna da yatsa jan bai gushe ba. To, ni baƙi ne irin na gindin tukunya. Ranar farko Rabi ta sa na kwanta rigingine, ta ɗora dugadugina ɗaya a kan ƙarfen gado, ta ce kada in motsa. Na yi kwance kamar tsawon dafa shayi na farko, ina jin wurin yana tsuka. Sannan ta shigo da ɗaliban, ta sauke ƙafar, ta ce su gaya mata wace ƙafa ce ta sha danni. Suka sunkuya suna leƙe kamar masu neman allura a yashi. Wani dogon saurayi ya miƙe ya ce, "Majo, babu ja ko kaɗan. Lafiya lau yake."

"Ja kake nema a jikin Idi?" in ji ta. "Wanga ko barkono ka shafa masa ba zai yi ja ba. Ajiye ido, kawo bayan hannunka."

Ya taɓa ƙafar dama, ya taɓa ta hagu, ya sake komawa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ɗaya na da ɗumi, ɗaya babu. Ta sa kowa ya taɓa, ɗaya bayan ɗaya, ta ce musu, "Ja na littafi ne, kuma wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba, fatar da ya gani ya faɗa. Namu sai an haɗa da hannu." Ta sa aka jawo gadon bakin taga, ta nuna musu yadda a hasken rana wurin ya ɗan fi sauran fata duhu, ya yi wani ƙyalli-ƙyalli. Ni kuwa ina kwance ina tunanin abin da zan gaya wa mutanen fada game da darasin da na bayar.

Da an bar ni da ba da aron ƙafa kawai, da na gaji na daina zuwa. Amma Rabi ta san halina, sai ta ba ni aikin da ya dace da ni. Ta ce, "Kai ka iya taurin kai kyauta. Daga yau kai tsoho ne marar lafiya, duk wanda ya zo juya ka, ka hana shi da duk abin da Allah ya hore maka." Ban taɓa samun aikin da na ƙware a kai kamar wannan ba. In ɗalibi ya tambaye ni jiki, in ce Alhamdulillahi, ko ɗigon ciwo babu. In ya kai hannu ga zane, in riƙe gam. In yarinya ce, in ɗaure fuska in ce, "Ke ɗiyar wa ce a garin nan? A gidanku haka aka koya miki, ki buɗe bayan sa'an kakanki?" Duk wanda ya ja da baya ya ce to Baba yi haƙuri, Rabi na tsaye a bakin ƙofa, sai ta ce, "Ka kyauta. Ka girmama shi, ka kuma kashe shi. Na gaba."

Akwai wata yarinya daga Yelu, Zalika, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa. Ranar da na jefa mata tambayar nan ta ɗiyar wa ce, sai idonta ya ciko, ta fita da gudu. Na ji ba daɗi, na ce wa Rabi ko in sassauta. Ta ce in na sassauta za ta sa a yi mini allura ta gaske. Washegari Zalika ta dawo. Ta fara da korar sauran ɗalibai bayan labule. Ta durƙusa daidai kaina, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida uba, ta faɗa mini duk abin da za ta yi da inda za ta taɓa. Na riƙe zane, na maimaita mata tambayata har da ƙarin gishiri. Sai ta ce, "Gafara Baba, ba ni zan duba ba, aikina ne zai duba. In ya gama, ni ban ga komai ba." Ta lulluɓe ni ko'ina, ta bar wurin da take so kaɗai a buɗe. Wallahi sai na kwanta lamo na bar ta ta duba, ni da ko ƴan duwan masu karɓar kuɗin fito ba su taɓa kayar da ni a gardama ba. Rabi ta tafa hannu sau ɗaya. Daga ranar ta ɗauki maganar Zalika ta sa a cikin darasi, duk wanda ya biyo baya sai ya haddace ta.

Sauran darasin ma na riƙe shi, don a jikina aka rubuta. Ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, tsatso, ƙashin kwankwaso, idon sawu, dugadugi, duk inda ƙashi ke kusa da fata. Lokacin mangwaro takan sa in sayo mata ɗanye da nunanne da wanda ya fara lalacewa, ta rufe su da ƙyalle, ta sa yara su latsa ba tare da sun gani ba, don yatsa ya san bambancin nama mai tauri, da mai lafiya, da wanda ya yi ruɓu-ruɓu daga ciki. Nunannen ni ke shanyewa bayan darasi, shi ne albashin malami. Tana sa su goge man kaɗe kafin su duba, don masu jinya na son shafe tsoho da mai har ya yi sheƙi, sheƙin kuma na ɓoye komai. Tana hana murza wurin da ya fara, tana hana gasa shi da ruwan zafi kamar yadda mata ke yi da kyakkyawar niyya. Kuma kullum tana cewa a gwada da ɗaya ɓarin, a tambayi mutum ko wurin na yi masa zafi ko ƙuna, sannan kada a yarda da amsar farko. Daga fatar da ba ta fashe ba, zuwa bororo, zuwa rami, zuwa ƙashi, ta ce hanyar gangara ce, kuma a matakin farko ne kaɗai ake tsayar da ita da matashin kai da juyi.

Labari ya kai tasha, ba sai na faɗa ba. Direbobi suka sa mini Farfesa. In na zo wucewa sai wani ya ce, "Farfesa, yau wane shafi aka buɗe, na dama ko na hagu?" Ni kuma in ce masa bayana ya fi gabansa ilimi. Shekaru muka yi haka ni da ita, rukuni na tafiya wani na zuwa, har ciwon da ya ɗauke ta ya kwantar da ita. Ta daɗe a kwance. Waɗanda ta koyar ne suka yi jinyarta, kuma matan da suka yi mata wanka sun shaida cewa ba a ga ko ƙwarzane a bayanta ba. Wannan kaɗai da ya ishe ni rubutawa.

Amma bayan ta tafi, ba wanda ya sake aikowa a kira ni. Wani ɗan ƙanena da ya shiga makarantar lafiya ya nuna mini a wayarsa abin da suke koyo da shi yanzu, wani mutum-mutumin roba mai launin cikin kankana da bai nuna ba, an zana masa gyambo ja-ja-wur a baya. Na ce to, an ba roba aikina. Ba ya gardama, ba ya riƙe zane, ba ya tambayar ɗiyar wa ce. Na sha zama ina tunanin abin da Rabi za ta ce. Na san ba za ta raina shi ba, don ita ba mai ƙin sabon abu ba ce. Da ta ga yadda yara ke ɗaukar hoton ciwo a waya su gwada na yau da na jiya, da ta yi murna, ita da ke auna rami da ido da ƙwaƙwalwa. Da ta ga katifun nan masu iska da ake labari, da ta yi faɗa sai an kawo mata. Amma ina jin da ta zagaya robar nan sau ɗaya ta ce a samo masa shuni ko kwalli, sannan ta tambaya wa zai koya wa yara abin da za su ce idan tsoho ya ce a'a. A raina na yanke cewa abin ya bi ta kabari. Na ce roba ta ci, ni da Rabi mun faɗi.

Sai bara, bayan damina, hawan jini ya kayar da ni a ƙofar gida ina shirin alwala. Ɓarin hagu ya ƙi motsi, irin na Goggo sak. Baki kam an bar mini shi, matata ta ce da shi ya kamata a fara. Aka kwantar da ni a ɗakin nan dai, kusa da tagar da ake jawo gadona. Ma'aikatan duk sababbi ne, ba wanda ya san Farfesa. Ga zafin Gaya mai ɗanko, gumi na jiƙa zanen gado. Ana zuwa a juya ni, ni kuma da an fita sai in sa a mayar da ni rigingine, don a haka nake ganin masu shigowa gaisuwa. Bayan ƴan kwanaki na fara jin wani abu a tsatsona kamar an ajiye garwashi ƙarami. Na san ko mene ne. Duk garin nan, in ka cire masu farar riga, ba wanda ya kai ni sani. Na tuna ramin Goggo, ga ni da ciwon sukari, na san in ya fashe ba lallai in koma gida da ƙafata ba. Kuma duk da haka na yi shiru. Surukaina na zaune, ɗiyata na zaune, in ce a buɗe ina? Ashe abin da na shekara ina yi da wasa, na gaske ya fi shi nauyi.

Da hantsi wata ɗaliba ta shigo, ƙarama, da farar rigarta da ta yi mata yawa. Ta ce sunanta Nafisa, daga Doso aka turo su sitaj. Ta tambaye ni jiki, na ce Alhamdulillahi, ko ɗigon ciwo babu. Ta ce to, ta juya ta roƙi kowa ya ɗan ba mu wuri, har matata, ta ja labule. Ta durƙusa daidai kaina. Ta faɗa mini inda za ta duba. Na kama zane da hannun da ke aiki, kuma wannan karon ba wasa a ciki, na ji bakina yana cewa, "Ke ɗiyar wa ce? A gidanku haka aka koya miki?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Gafara Baba, ba ni zan duba ba, aikina ne zai duba. In ya gama, ni ban ga komai ba."

Hannuna ya saki zanen da kansa. Ta kira wani ma'aikaci suka juya ni wajen taga. Na ji tana goge man da matata ta shafa mini. Sannan na ji bayan hannu, a dama, a hagu, ya koma tsakiya ya tsaya. Yatsa ya latsa a hankali. "Baba, nan na yi maka ƙuna?" Na ce babu. Ta ce, "Sake tunani." Na ce kaɗan. Ta ce wa abokin aikinta fatar ba ta fashe ba, amma wurin ya yi duhu, da zafi, da tauri, a gaya wa majo yanzu. Ban ji ta ambaci ja ba ko sau ɗaya.

Daga nan na shiga hannu. Aka hana ni rigingine, aka tokare ni da matasan kai, aka rataye dugadugaina a iska, aka sauya zane da zarar ya jiƙe. Nafisa ta zaunar da matata da babban ɗana ta koya musu juyi da dubawa, ta gaya wa ɗan nawa ƙiri-ƙiri cewa kau da kai ba biyayya ba ce a nan. In na yi ƙorafi sai ta ce in kai ƙara inda na ga dama. Garwashin ya mutu bai fashe ba. Yau ina takawa zuwa fada da sanda, ƙafar hagu na ɗan ja da baya kamar mai jin kunyar mutane, amma bayana sumul yake, wanda ke shakka kuma ba zan nuna masa ba.

To me ya rage na Rabi? Ba a sa sunanta a jikin wani gini ba, ba ta bar littafi ba, hotonta ma guda ne a gidan ɗiyarta, ta ɗaure fuska a ciki kamar mai jiran ɗalibi ya yi kuskure. Amma wata yarinya da ba ta taɓa ganinta ba ta zo daga Doso da hannun Rabi a jikin nata, ta tarar da taubashin Rabi yana shirin bin hanyar Goggo saboda kunya, ta tare shi. A wasanmu na yara kullum ni ke cewa na yi nasara. Wannan karon na sallama, baiwata ta ci, kuma ta ci tana kwance a ƙasa shekara takwas. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, ya sa ta huta a ɓarin da ta fi so.

Ranar da za a sallame ni, na tambayi Nafisa wa ya koya mata maganar nan ta aiki ne zai duba. Ta ce malamarsu ce, Madam Zalika, wai ita ma a nan Gaya ta yi sitaj a hannun wata majo da ta rasu. Tana naɗe abin awon jini tana ba ni labari. "Muna da roba a makaranta, amma Madam ba ta yarda da shi kaɗai ba, ita da kanta take kwanciya ta riƙe zane ta yi mana taurin kai. Ta ce muryar wani tsoho take kwaikwayo, wanda suka yi karatu a bayansa, wai duk duniya ba ta taɓa ganin fitinanne irinsa ba." Ta rataya abin awon a wuya, ta gyara mini hula, ta ce, "Yanzu kam ai ya daɗe da mutuwa. Allah ya jiƙansa, Baba ka ce amin."